Yadda ɗan Lebul 100 na bizines zai nemo takardun bincike ya yi asaimen da su, mataki-mataki

Tun da aka koma makaranta wayata bata huta ba. Yau ƙanin abokina daga Aboabo, gobe ɗiyar Hajiyar layinmu a Asawase, jibi wani da ko saninsa ban yi ba wai a masallaci aka bashi lambata, kuma duk tambayar ɗaya ce: Yaya, lakcara ya bamu asaimen yace sai mun kawo takardun jonal biyar ko goma, a ina ake samunsu? Na amsa da baki har na gaji, shi ne nace bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. A nan Kumasi na yi karatun kasuwanci, kuma shekarar da nayi nashinal sabis ni nake taya wani malami duba asaimen na 'yan Lebul 100, wato masu shekarar farko a jami'a, saboda haka kurakuran da zan lissafa ba labari aka bani ba, na gansu da idona, wasu ma ni na fara tafka su.

Zan riƙa cewa "ka", amma ƙannena mata har da ku nake. Kuma misali ɗaya zan riƙe daga farko har ƙarshe dan kar mu watse: mu ɗauka an ce ka rubuta shafi biyar kan yanda MoMo, wato tura kuɗi da karɓa ta waya, ya shafi ƙananan 'yan kasuwa a Gana.

Abun da zaka tanada kafin ka fara: aidi kat ɗinka, imel na makaranta da faswod ɗinsa, laftof in akwai, in babu kwamfutocin laburare na nan, sai littafin rubutu guda da baka haɗa shi da komai ba, da fendiraib. Waya tana iya nema amma karanta takarda mai shafi 25 a kan waya azaba ce. Fawa bank kuma kowa ya san dalili, dumsor, wato ɗauke wuta, baya sallama.

1. Ka gane tambayar tukuna

Kafin ka taɓa intanet ka karanta takardar asaimen sau biyu, ka ja layi a ƙarƙashin abu huɗu: me aka ce ka yi, takardu nawa ake so, na wane shekaru, da wane salon rifarens, wato yanda ake ambaton takardun da ka ɗauko magana, APA ne ko Harvard. Sannan ka buɗe kos awutlayin, domin sau da yawa malami ya riga ya jera littattafai da maƙalu a ƙarshensa, yara basa dubawa. Wannan jerin shi ne mafari.

Daga nan ka mayar da taken ya zama tambaya da bakinka. "MoMo da 'yan kasuwa" ba tambaya bace, fili ne mai faɗi kaman kasuwar Kejetia, zaka ɓace a ciki. Amma "shin karɓar kuɗi ta MoMo yana ƙara wa mai ƙaramin shago ciniki, ko dai cajin cirewa yana cinye ribar?" wannan tambaya ce, kuma ita zata gaya maka wace takarda zaka ɗauka wace zaka bari.

Hattara: in baka gane abun da ake so ba ka tambayi malamin ko mataimakinsa a satin farko. Kar ka dogara da abun da wani ya turo a gurup na aji da tsakar dare, matambayi baya ɓata amma sai in ya tambayi wanda ya san hanya.

2. Kalmomin nema

Nan ne mafi yawa suke faɗuwa, suna kwafe tambayar gaba ɗaya su zuba a akwatin nema. Injin nema kalmomi yake ci ba jimla ba. Ka raba tambayarka gida uku: abun, mutanen, wurin. Kowane gida ka rubuta masa sunaye daban-daban da Turanci tunda da shi aka rubuta takardun.

Mu MoMo muke cewa, amma masu bincike "mobile money" suke rubutawa, wasu "mobile payments", wasu "digital financial services", wasu su shigar da shi ƙarƙashin "financial inclusion". 'Yan kasuwa kuma zaka gansu a "SMEs", "micro enterprises", "market women", "informal sector". Wuri ka fara da "Kumasi", in bai kawo komai ba ka faɗaɗa zuwa "Ghana", sannan "West Africa". Haka in adashi kake nema, a Gana "susu" ake rubutawa, a takardun waje kuma "ROSCA".

Kalmomin da suke tafiya tare ka saka su cikin alamar zance, kaman "mobile money", dan kar inji ya raba su. AND da manyan baƙaƙe yana matse nema, OR yana faɗaɗa shi. Duk haɗin da ka gwada ka rubuta a littafinka tare da abun da ya kawo, in ba haka ba gobe zaka sake maimaita aikin jiya.

Hattara: sunaye suna canzawa. Vodafone Ghana ta koma Telecel a 2024, to takardun da aka rubuta kafin nan "Vodafone Cash" zaka gani. Hukumar ƙananan masana'antu da ake kira NBSSI ita ce yanzu Ghana Enterprises Agency. In ka nemi sabon suna kaɗai, tsohon aiki duk ya wuce ka.

3. Laburare, kafin Google

Wannan matakin nafi so ku riƙe, domin kuɗinsa iyayenku sun riga sun biya a cikin kuɗin makaranta, kuma akwai waɗanda har su gama Lebul 400 basu san da shi ba. Jami'o'in Gana da yawa suna haɗa ƙarfi a ƙarƙashin wata ƙungiyar laburarori da ake kira CARLIGH su sayi izinin shiga manyan rumbunan jonal, ɗalibi kuma ya shiga ba tare da ya ciro ko pesewa ba. In a Tech kake, wato jami'ar KNUST ta Kumasi, Prempeh II Library ce babbar laburare, in a Legon kake, wato University of Ghana, Balme ce, sauran makarantu kowa da tasa.

Ka tafi da ƙafarka ranar farko. Ka nemi teburin masu kula da kayan intanet, ka nuna aidi kat, ka yi tambaya uku: wane rumbuna muke da su bana, yaya ake shiga daga wajen kampus, kuma yaushe ake koyar da sababbin ɗalibai. Ta biyun tafi muhimmanci ga namu yaran da suke kwana a gida Sawaba ko Aboabo suna hawa trotro zuwa Tech Junction kullum, ko masu hostal a Ayeduase da Kotei. A kan waifai na makaranta rumbun yana gane ka da kansa, amma daga gida sai ka bi ta ƙofar laburare ka saka sunanka da faswod, in ba haka ba zai ɗauke ka baƙo ya nemi kuɗi.

Ga ɗan bizines, ka fara da Emerald in makarantarku tana da shi, yana cike da jonal na gudanarwa, talla, banki da akawu, kuma masu bincike na Gana suna yawan buga aiki a can. Wani daɗinsa, taƙaitawar maƙalunsa a yanke take gida-gida, manufa daban, hanyar bincike daban, sakamako daban, cikin minti ɗaya ka san ko zata maka amfani. ScienceDirect yana da ƙarfi a tattalin arziki da harkar kuɗi. EBSCOhost yana da maɓallin da zaka danna ya bar maka waɗanda masana suka tantance kaɗai. JSTOR gidan tsofaffin takardu ne, na shekarun baya-bayan nan sau da yawa basa ciki, kar ka ce ya lalace. Sai AJOL, wato African Journals Online, inda jonal na Afirka suke, har da na jami'o'in Gana, kuma da yawansu kyauta ne.

Akwai kuma ma'ajiyar kowace jami'a inda ake zuba kundin digiri na biyu da na uku, ta Tech KNUSTSpace, ta Legon UGSpace. Kundin wani da yayi aiki a kan 'yan kasuwar Kumasi zai nuna maka takardun da ya karanta, ka bi sawunsu.

Hattara: kundin ɗalibi ba maƙalar jonal bace. In malami yace jonal, kar ka cika masa da kundi. Kuma kar ka raba faswod ɗinka a gurup, kar ka zauna kana sauke ɗaruruwan takardu a zama ɗaya, masu rumbunan suna gani kuma sukan toshe makaranta gaba ɗaya saboda mutum ɗaya.

4. Google Scholar

Ba Google ɗin da ka saba ba, scholar.google.com ne. Ka saka haɗin kalmominka, a gefen hagu ka zaɓi shekaru. A saitin akwai "Library links", ka nemi sunan makarantarku, in tana ciki ka zaɓa, daga nan zai riƙa nuna maka wanda laburarenku ta biya.

A ƙarƙashin kowane sakamako akwai ƙananan rubutu da mutane suke tsallakewa, alhali nan dukiyar take. "Cited by" yana nuna waɗanda suka ambaci wannan takardar bayan fitowarta, ka danna, ka saka alamar nema a cikinsu, ka rubuta Ghana. "All versions" yana nuna duk inda takardar take, sau da yawa ɗaya daga ciki kyauta ce. To dabarar ita ce: ka samu takarda ɗaya mai kyau, ka duba rifarens na ƙarshenta ka koma baya, ka danna "Cited by" ka yi gaba. Takarda ɗaya sai ta haifa maka goma, kuma duk dangin juna ne. Wannan yafi ka zauna kana juya shafi na 14 na sakamako.

Malamai sukan ce takardun shekara biyar ko goma da suka wuce, kuma suna da gaskiya, musamman a harkar MoMo da take canzawa kullum. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Kalmar nan "informal sector" da kowa yake zubawa a asaimen, wani Bature Keith Hart ne ya yaɗa ta a maƙalarsa ta 1973 a Journal of Modern African Studies, kuma binciken a Nima ya yi shi, Nimar nan tamu ta Ankara, wato Accra. Haka Gracia Clark ta zauna da matan babbar kasuwar Kumasi shekaru ta fitar da littafi a 1994. Ni ranar da na gane cewa ilimin da ake koya mana daga littafin Amurka wani sashensa a lungunanmu aka haƙo shi, karatun ya canza mun ɗanɗano. Irin waɗannan ka ambace su wurin bayyana ma'anar kalma, sabbi kuma wurin hujjar halin da ake ciki yau.

Hattara: Scholar baya tacewa, yana kwaso mai kyau da shara tare. Yawan "Cited by" kuma ba shi kaɗai bane ma'auni, takardar bara bata samu lokacin tara ambato ba.

5. In aka ce sai ka biya

Zaka danna takarda ka ga an rubuta dala 30, 40 ko fiye. Ka lissafa da sidi ka gani, kuɗin abincin sati nawa ne. Kar ka biya, ɗan Lebul 100 bashi da dalilin sayen maƙala. Ka bi wannan jerin: ka sake shiga ta ƙofar laburare ko dai baka shiga daidai bane, ka duba "All versions", ka saka Unpaywall a burauzarka, ƙaramin abu ne kyauta da yake nuna koren kwaɗo in akwai kwafi na halal a wani wuri, ka duba SSRN da shafin Bankin Duniya, masana tattalin arziki sukan saka rubutun farko a can kafin jonal ta buga, in JSTOR ne ka buɗe asusun kyauta, yana bari ka karanta har maƙala 100 a wata a kan allo. In duk bai yi ba ka tura wa marubucin imel, adireshinsa yana shafin farko, layi uku cikin ladabi, ni ɗalibi ne a wuri kaza, ina aiki a kan kaza, dan Allah a taimaka mun da kwafi. Da yawa suna turowa, amma ba ranar da kake so ba, shi yasa ba'a fafe gora ranar tafiya.

In kuma ta ƙi samuwa, ka barta. A matakinka babu takardar da in babu ita asaimen ya mutu.

6. Tacewa

Yanzu kana da kaman 25 ko 30 a folda. Ba duka zaka karanta ba, kuma ba duka suka cancanta ba. Maƙalar jonal ta gaskiya kafin a buga ta sai an tura wa wasu masana na fannin sun tsefe ta, sun mayar da ita a gyara, wani lokacin shekara guda ana kai da komo. Wannan tantancewar ita malaminka yake nufi in yace "peer-reviewed". Labarin Daily Graphic ko Joy FM ba shi bane, Wikipedia da Investopedia ba su bane, silaid na malami ma ba shi bane.

Matsalar ita ce akwai jonal na bogi, kasuwanci kawai suke, ka biya su buga maka komai cikin sati. Sunansu yafi na gaske ƙyalli, International Journal of kaza da kaza da kaza, lamba ɗaya ta haɗa noma da injiniyanci da akawu. Alamominsu: Turanci a karye tun daga taƙaitawa, ranar karɓa da ranar bugawa kwana kaɗan ne tsakani, babu sunan jami'ar editoci. Ka kwafi sunan jonal ɗin ka saka a Scimago, shafin da yake auna darajar jonal, kyauta ne, in yana ciki zai nuna maka matsayinsa daga Q1, na sama, zuwa Q4. In jonal ɗin kyauta ne ka duba shi a DOAJ, jerin jonal na kyauta da aka tantance. Wasu jonal na gida masu mutunci basa Scimago, waɗannan ka duba ko suna AJOL ko wata jami'a sananniya ce take fitar da su, in kana shakka ka nuna wa ma'aikacin laburare.

Bayan wannan ka karanta taƙaitawar kowace ka tambayi kanka abu ɗaya: tana taɓa tambayata? In a'a, waje, ko da takenta yana da daɗi. Ka rage su zuwa takwas ko goma.

Hattara babba: ChatGPT da 'yan uwansa suna ƙirƙiro rifarens da babu su a duniya, da sunan marubuci na gaske da jonal na gaske da shekara, amma takardar ƙarya ce. Na sha kama wannan, kuma kamawar bata da wuya, minti ɗaya ne a Scholar. Duk takardar da baka buɗe ta da idonka ba kar ta shiga aikinka. In tana da lambar DOI, wadda take farawa da 10, ka saka ta a doi.org ka ga ko zata kai ka gidan takardar.

7. Karantawa

Kar ka fara daga layin farko ka nufi na ƙarshe kaman labari, zaka yi barci a shafi na huɗu. Taƙaitawa tukuna, sai sakin layi biyu na ƙarshen gabatarwa inda suke faɗin abun da suka zo yi, sai ka tsallaka can ƙarshe wurin tattaunawa da kammalawa. Daga nan ka dawo sashen hanyar bincike da tambayoyi huɗu: su wa aka tambaya, mutum nawa, a ina, wace shekara. Lissafin da ke tsakiya mai taurari da haruffan Girka, a Lebul 100 ba'a sa ran ka iya shi, ka karanta bayanin da suka yi a ƙarƙashin teburin kawai. In zaka iya, takarda biyu ko uku da suka fi shafar tambayarka ka buga su a takarda ka bi su da biro, sauran a allo, kuɗin firintin ba wasa bane.

Me yasa waɗannan tambayoyi huɗun? Ga misali. Tavneet Suri da William Jack sun buga bincike a mujallar Science a 2016 inda suka ƙiyasta cewa M-Pesa, wato MoMo na Kenya, ya fitar da gidaje kusan 194,000 daga talauci, wajen kashi 2 cikin 100 na gidajen Kenya. Aiki ne mai nauyi, amma na Kenya ne, inda M-Pesa ya fara tun 2007, kuma gidaje aka auna ba shaguna ba. Na ga asaimen da aka rubuta wai "mobile money ya fitar da 'yan kasuwar Gana daga talauci" aka jingina wa wannan takardar. Bata faɗi haka ba. Haka wanda ya raba takardar tambayoyi ga ɗaliban jami'a 200 a Ankara bai baka labarin mai sayar da goro ko albasa a Kumasi ba.

Shekarar tattara bayanai ma ka lura da ita, ba shekarar bugawa kaɗai ba. MTN ta kawo MoMo Gana a 2009, tura kuɗi tsakanin layuka daban-daban ya fara a 2018, harajin e-levy na tura kuɗi ta waya ya shigo a Mayun 2022 a kan kashi 1.5, aka rage shi zuwa kashi 1 a farkon 2023, aka soke shi a 2025. Wanda ya tambayi 'yan kasuwa a 2016 da wanda ya tambaye su a ƙarshen 2022 ba ƙasa ɗaya suka gani ba, in sakamakonsu ya saɓa ba lallai wani yayi kuskure ba, kuma in ka nuna wa malami ka gane haka, nan maki yake.

Hattara: ganin Dala ba shiga birni bane. Wanda ya karanta taƙaitawa kaɗai ya ambaci takarda, ana ganewa, domin duk maganarsa a sama take yawo.

8. Alƙaluman gida

Jonal zai baka hujja da nazari, amma alƙaluman yau a wurin hukumomi suke. Bankin Gana yana fitar da rahotannin tsarin biyan kuɗi da adadin asusun mobile money. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, Ghana Statistical Service, ita ke da ƙidayar 2021 da ta nuna mutum miliyan 30.8, da binciken rayuwar gidaje da na wuraren kasuwanci. Bankin Duniya yana da Global Findex kan yanda mutane suke mu'amala da banki da waya. In kamfani aka baka, kuma yana kasuwar hannun jari ta Gana kaman MTN Ghana ko GCB, rahoton shekararsa yana shafinsa kyauta. In jarida ta kawo adadi, ka bi shi har rahoton da ta ɗauko ka ambaci rahoton.

Hattara: a Yulin 2007 aka canza kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1. In ka ga tsohuwar takarda tace jarin mai tebur miliyan biyu ne, sidi 200 ake nufi. Jihohi ma 10 ne da, yanzu 16, Brong-Ahafo ta rabu uku, kar ka haɗa alƙaluman da da na yanzu kai tsaye.

9. Ka rubuta asalin magana tun kana ɗauka

Wannan ni ya taɓa cina. A zangon farko na kwafi jimloli masu daɗi a fayil ɗaya ba suna ba shafi, daren miƙawa na rasa wace daga ina take, wace tawa ce wace ta mutane, na kwana ina buɗe PDF ɗaya bayan ɗaya har aka kira asuba. Laifina ne ba na kowa ba.

Ka buɗe tebur a Excel ko ka ja layi a littafinka: marubuci da shekara, wuri da adadin mutane, abun da suka gano da kalmominka, lambar shafi, sai gida na ƙarshe, ina zata shiga a aikina. Duk abun da ka kwafa kalma da kalma ka saka masa alamar zance nan take. Fayil kuma ka canza masa suna, Suri2016 yafi wata doguwar lamba da baka san kanta ba.

Sannan ka sauke Zotero. Kyauta ne, yana da maɓalli a burauza da zaka danna ya kwashe bayanan takarda, yana shiga cikin Word ya jera maka rifarens da salon da ka zaɓa, kuma yana baka megabait 300 na ajiya a intanet ba ko sisi. Mendeley ma yana yi. Awa ɗaya zaka kashe ka koya, ya bika har furojet na Lebul 400. Folda ɗin ka ajiye kwafinsa a Google Drive da fendiraib, laftof yana mutuwa ne a satin da aka fi buƙatarsa.

10. Saka su cikin rubutu

Mu da muka zauna gaban malam a makarantar Zango wannan ba baƙon abu bane. Ba'a cewa "an ce", sai a ce wane ya ruwaito daga wane. Rifarens isnadi ne, ba wani abu ba. Duk maganar da ba daga kanka ta fito ba, ko adadi, ko ma'anar kalma, ko tebur, ka faɗi mai ita a wurin, ko da ka canza kalmomin.

A salon APA, bugu na 7 da ya fito a 2019, sunan ƙarshe da shekara ake sakawa a cikin rubutu, kaman (Hart, 1973). In marubuta uku ne ko fiye, sunan na farko sai "et al." In ka ɗauko kalmominsa daidai, alamar zance da lambar shafi. A ƙarshe a jera su bisa haruffa, kuma duk wanda ke cikin rubutu dole ya kasance a jerin, duk wanda ke jerin dole ya kasance a rubutu.

Sake faɗa da bakinka ba canza kalma uku bane. Ka karanta sakin layin, ka rufe, ka faɗa da Hausa kaman kana yi wa Mma bayani tana tuƙa tuwo, sannan ka rubuta da Turancinka, ka buɗe ka gwada ko ka karkatar da ma'ana. Wallahi wannan dabarar tafi duk wata manhajar juya kalmomi, kuma mu masu harshe biyu uku ita ce ribarmu.

Kuma kar ka jera su kaman layin masu jiran waakye, wane yace, wane yace, wane yace. Ka haɗa su bisa batu: waɗanda suka ga ciniki ya ƙaru a sakin layi ɗaya, waɗanda suka ga caji da damfara sun hana mutane a wani, sannan kai ka faɗi dalilin saɓanin da inda hujja tafi nauyi. Teburin mataki na 9 shi zai maka wannan aikin.

Hattara: in ka ga Hart a cikin takardar wani baka karanta Hart ba, ko dai ka nemo shi, ko ka rubuta "as cited in" ka ambaci wanda ka karanta. Kar ka ara wa kanka isnadin da baka ji ba.

11. Dubawar ƙarshe

Kwana biyu kafin ranar miƙawa ka gama rubutu. Ka bi rifarens ɗaya-ɗaya, domin Zotero da maɓallin "Cite" na Scholar suna kawo kuskure, wani taken duk da manyan baƙaƙe, wani ba lambar shafi, wani an juya sunan marubuci, musamman sunayen Gana da na Musulmi inda inji baya gane wanne ne na ƙarshe.

In ana amfani da Turnitin, manhajar da take gwada rubutunka da na wasu dan gano kwafi, ka tambayi sashenku adadin kamanni da suka yarda da shi, kowane wuri da nasa. Abun da yake nunawa kamanceceniya ce, ka buɗe rahoton ka ga ina ne yayi launi, in jerin rifarens ne ba damuwa, in sakin layi guda ne a tsakiya ka koma mataki na 10. Kar ka ba abokinka fayil ɗinka "ya ga yanda ake yi", in ya riga ka miƙawa kai zaka zama mai kwafa. Kuma kar ka loda aikinka a shafukan da suke cewa zasu duba maka kyauta, wasunsu ajiyewa suke.

In aikin gurup ne, mutum ɗaya ya riƙe jerin rifarens tun ranar farko, kowa ya riƙa tura masa PDF ɗin da ya yi amfani da shi ba suna kaɗai ba. Ranar miƙawa ka mayar da fayil ɗin yanda aka ce, Word ko PDF, ka saka indes namba a sunansa, ka loda tun da rana kafin kowa ya taru a kan netwok, in ya shiga ka ɗauki hoton allon da ya nuna ranar da lokacin ka ajiye.